Éric Tabarly: Gwanin tseren teku da ya faɗa ruwa daga jirgin da ya fi ƙauna

Ranar Asabar, 13 ga Yunin 1998, rana ce da masoya ƙwallon ƙafa a Najeriya ba sa mantawa da ita, domin a ranar ce Super Eagles ta doke Sifaniya da ci 3 da 2 a birnin Nantes na ƙasar Faransa, a Gasar Cin Kofin Duniya. Sai dai yayin da 'yan kallo ke tururuwa zuwa filin wasa, wani labari na daban ne ya fara bazuwa a gidajen rediyon ƙasar. Ɗaya daga cikin fitattun 'ya'yan wannan birni, Éric Tabarly, ya faɗa teku cikin dare a kusa da gaɓar Wales, kuma masu aikin ceto ba su ga ko alamarsa ba. Yana da shekara 66 a duniya.

Sunan ba sananne ba ne a ƙasar Hausa, kuma babu mamaki, tunda wasan da ya yi fice a cikinsa na mutanen bakin teku ne. Amma a Faransa, a shekarun 1960 da 1970, da wuya a sami gidan da ba a san shi ba. Shi ne mutumin da ya ɗauki tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, wanda a da ake yi wa kallon nishaɗin attajiran Ingila, ya mayar da shi abin alfaharin ƙasarsa.

Ya kamata a fara da bayanin irin wannan tsere, domin sai an san wahalarsa ake gane girman mutumin. Jirgin ba ya amfani da inji, iska ce kaɗai ke tura manyan ƙyallayen da aka ɗaura wa jigonsa. A tseren da aka saba, ma'aikata da yawa ne ke cikin jirgi, wasu na barci wasu na aiki. A irin wanda Tabarly ya shahara da shi kuwa, mutum ɗaya ne ko biyu kacal. Shi ne matuƙi, shi ne mai ɗaga ƙyallaye da sauke su, shi ne mai lissafin hanya da rana da taurari, shi ne mai gyara abin da ya karye, shi ne kuma kuku. Jirgi ba ya tsayawa don mai shi ya gaji. Barci sai na 'yan mintoci, kunne na sauraren canjin iska, kuma idan ƙafa ta zame aka faɗa ruwa, jirgin zai ci gaba da tafiyarsa ba tare da kowa ya juyo da shi ba.

An haifi Éric Tabarly a Nantes ranar 24 ga Yulin 1931. Mahaifinsa, Guy Tabarly, mai sha'awar teku ne, kuma tun yaron yana ɗan shekara 3 ake shiga da shi jirgi. A 1938 mahaifin ya sayi wani tsohon jirgin katako da aka ƙera a Ailan a 1898, bisa zanen shahararren mai zana jiragen nan na Sukotilan, William Fife. Sunan jirgin Pen Duick, wanda a harshen mutanen yankin Bretagne ke nufin ɗan ƙaramin baƙin kai, laƙabin wani ɗan tsuntsu. Duk tarihin Tabarly, daga farkonsa har ƙarshensa, a jikin wannan jirgi yake rataye.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka yasar da jirgin cikin laka a bakin kogi na tsawon shekaru, katakonsa ya ruɓe. Da mahaifin ya ga ba shi da halin gyara, sai ya sa shi a kasuwa. Ɗan bai yarda ba, har dai jirgin ya dawo hannunsa a 1952. Daga nan kuma ya shiga rundunar sojin ruwan Faransa, a sashen jiragen sama, kuma ba a ɓoye yake ba cewa neman kuɗin gyaran Pen Duick na cikin abin da ya kai shi. Ya sami horon tuƙin jirgin sama a Maroko, ya yi aiki a yankin Indochina a ƙarshen yaƙin da Faransa ta yi a can, yana tara albashinsa.

Da ya dawo, maƙeran jirgi suka duba suka ce katakon ya mutu, gyara ba zai yiwu ba. A nan ne halin da ya bi shi har tsufa ya fara bayyana. Maimakon ya haƙura, sai ya kifar da jirgin, ya mayar da ruɓaɓɓen jikin tamkar abin zubi, ya yi ta shimfiɗa masa zaren gilashi da danƙon roba, rufi bisa rufi, har sabon jiki ya fito da siffar tsohon. An yi aikin a ma'aikatar 'yan gidan Costantini da ke La Trinité-sur-Mer, kuma a lokacin ba a saba yin jirgi mai wannan girma da irin waɗannan kaya ba. A 1958 ya shiga makarantar hafsoshin sojin ruwa, inda aka fi saninsa da ƙarfin jiki da yawan shiru fiye da ƙwazon aji.

Tseren da ya fito da shi duniya Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro shi. Wani tsohon soja mai suna Blondie Hasler ne ya kawo shawarar a ƙetare Tekun Atilantika daga Plymouth zuwa Amurka, kowane jirgi da mutum ɗaya, jaridar Observer kuma ta ɗauki nauyi. A karon farko, a 1960, mutum biyar ne suka fita, Francis Chichester ya yi nasara cikin kwana 40. Tafiyar ta kusan mil 3,000 na teku ce, wato fiye da kilomita 5,000, kuma ta fuskar da ta fi wuya ake yin ta. A arewacin Atilantika iska daga yamma take kaɗowa, igiyar ruwa ma haka, shi kuwa jirgin iska ba ya iya tunkarar iska kai-tsaye, sai dai ya riƙa karkata dama da hagu, wanda ke ƙara nisan hanya. Ga hazo mai kauri a kusa da Newfoundland, ga duwatsun ƙanƙara masu yawo, ga manyan jiragen kaya da ba sa ganin ƙaramin jirgi cikin dare.

Waɗanda suka yi tseren farko sun ɗauke shi a matsayin gwajin juriya, a isa lafiya ya wadatar. Tabarly ya ɗauke shi a matsayin tsere na haƙiƙa. Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne mutum ɗaya ba zai iya sarrafa dogon jirgi ba, kuma jirgi mai nauyi ne ke jure teku. Shi kuwa ya lissafa cewa tsawo ne ke ba da gudu, rashin nauyi kuma ke sa ƙananan ƙyallaye su wadatar, yadda hannu biyu za su iya da su. Da wannan lissafi aka ƙera Pen Duick II da katakon filawud, tsawonsa mita 13.6, aka gama shi ana saura 'yan kwanaki a tashi.

Ranar 23 ga Mayun 1964 jirage 15 suka bar Plymouth. Tun a bakin tashar matashin hafsan mai shekara 32 ya ba 'yan kallo mamaki, ya buɗe ƙaton ƙyallen nan mai kama da balan-balan da ake bin iska da shi, wanda aka saba sai mutane da yawa ke ɗagawa. Bayan kimanin mako guda na'urar da ke riƙe masa akalar jirgi idan zai kwanta ta lalace. A irin wannan tafiya wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin ma'anarta ita ce ko dai ya zauna a kan akala dare da rana, ko ya nemi yadda zai daidaita ƙyallayen har jirgin ya riƙe hanya da kansa na ɗan lokaci. Ya yi duka biyun. Bai yi magana da kowa ta rediyo ba, bai kuma san matsayinsa a tseren ba har ya iso Newport da ke jihar Rhode Island, bayan kwana 27 da awa 3 da minti 56. A nan ne ya ji cewa babu wanda ya riga shi. Chichester ya iso bayansa da kusan kwana uku.

Faransa ta ɗauki abin da girma fiye da yadda shi kansa ya zata. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga yaƙin Aljeriya ba, tana neman abin da za ta ɗaga kai da shi, sai ga ɗanta ya doke Ingilishi a kan teku, fagen da suka daɗe suna taƙama da shi. Shugaba Charles de Gaulle ya ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur. Makarantun koyon tuƙin jirgin iska suka cika da matasa, masana'antar ƙera ƙananan jirage ta bunƙasa. Ana ba da labarin cewa bayan 'yan shekaru de Gaulle ya gayyace shi cin abinci a fadar Élysée, ya aika da uzurin cewa ranar ta zo daidai da cikar ruwan da yake jira don aikin sabon jirginsa, sai da aka sake sa wata rana. Waɗanda suka san shi ba su ga girman kai a ciki ba, sun san cewa a wurinsa jirgi ne gaba da komai.

Shekarun da suka biyo baya na gwaje-gwaje ne. Pen Duick III, na alminiyom, ya lashe manyan gasannin 1967 da ma'aikata a ciki, har da Fastnet, ya kuma riga kowa isa a tseren Sydney zuwa Hobart. Don tseren Atilantika na 1968 ya ƙera Pen Duick IV, jirgi mai jiki uku a jere, wanda mutane da yawa suka yi wa dariya saboda muninsa. Yajin aikin da ya game Faransa a watan Mayun shekarar ya jinkirta aikin, aka fita ba a gama gwaji ba, a daren farko kuma ya yi karo da jirgin kaya, daga baya dole ya janye. A 1969 ya huce haushinsa a Tekun Pasifik. Da Pen Duick V, ɗan jirgi mai mita 10.67 da ya sa wa tankunan ruwa a gefe biyu don daidaita nauyi, ya tafi shi kaɗai daga San Francisco zuwa Tokyo cikin kwana 39, ya bar na biyu a baya da kimanin kwana 10. Ya iso da wuri har bai tarar da masu tarba ba. Wannan dabara ta tankunan ruwa har yau ana amfani da ita a jiragen da ke zagaya duniya.

Shahara ba ta kawo masa dukiya ba. Bashi ya sa ya sayar da Pen Duick IV ga wani tsohon yaron jirginsa, Alain Colas, wanda ya lashe tseren Atilantika na 1972 da shi cikin kwana 20, ya tabbatar da cewa lissafin maigidansa daidai ne. A 1973 Tabarly ya shiga tseren zagaya duniya na farko na Whitbread da Pen Duick VI, ƙaton jirgi mai mita 22.25 da nauyin kusan tan 32. Kowa ya ɗauka shi zai ci, sai jigon jirgin ya karye har sau biyu. Jaridun da suka yi ta yabonsa suka fara cewa zamaninsa ya wuce.

A cikin wannan hali ya yanke shawarar da har abokansa suka ga kamar ganganci ce, wato shiga tseren Atilantika na 1976 shi kaɗai da wannan jirgi da aka ƙera domin mutum goma sha wani abu. Ƙyalle ɗaya na jirgin, idan ya jiƙe, ya isa ya gagari ƙato biyu. Jirage 125 ne suka tashi ranar 5 ga Yuni, kuma wanda ido ya fi karkata gare shi shi ne Colas, wanda ya zo da Club Méditerranée, jirgi mai jigo huɗu da tsawon mita 72, duk da mummunan raunin da ya samu a ƙafa shekara guda kafin nan. Yaro da maigida ne suka fuskanci juna, jaridun Faransa kuma suka rura wutar.

Shekarar ta zo da mugun yanayi. Guguwa biyar ce ta bi ta kan jiragen ɗaya bayan ɗaya, da dama suka janye, wasu suka nutse aka ceto masu su, mutum biyu kuma, Mike McMullen da Mike Flanagan, ba su dawo ba. Shi Tabarly, tun a kwanakin farko na'urar riƙe akalarsa ta sake mutuwa, kamar dai yadda ta yi masa shekara 12 da suka wuce, sai dai wannan karon jirgin ya ninka wancan nauyi sau da yawa. Gajiya ta kai shi inda bai taɓa kaiwa ba, har ya juya kan jirgin ya nufi gida, ya shiga ciki ya kwanta. Da ya farka ya ga yanayi ya sassauta, ƙarfinsa ya ɗan dawo, sai ya sake juyawa yamma. Wannan sa'o'in da ya ɓata suna cikin abin da ya sa ya ɗauka tseren ya riga ya kuɓuce masa.

A can tudu kuwa, makonni uku babu wanda ya ji ɗuriyarsa, domin bai yi magana ta rediyo ba. Aka fara raɗe-raɗin ya halaka, aka soma batun tura jirage nemansa. Colas ya tsaya a Newfoundland gyaran igiyoyinsa, amma duk da haka ana ganin nasara tasa ce. Da asubahin 29 ga Yuni, sai ga baƙin jirgi ya fito daga cikin hazo a bakin Newport, babu mai jiransa. Kwana 23 da awa 20 da minti 12 ya yi. Colas ya iso bayan kimanin awa bakwai, kuma hukuncin da aka yi masa saboda taimakon da ya karɓa a hanya ya mayar da shi na biyar. Da Tabarly ya koma Paris, dubban mutane ne suka cika titin Champs-Élysées don tarbarsa.

Wannan tsere ya bar baya da ƙura. Masu shirya shi a Ingila sun ga girman jiragen ya wuce hankali, suka sa iyakar tsawo. Faransawa suka ɗauki hakan a matsayin yunƙurin taka musu burki, suka ƙirƙiro nasu, Route du Rhum, daga Saint-Malo zuwa tsibirin Guadeloupe. A karonsa na farko, cikin Nuwamban 1978, Alain Colas ya ɓace a teku tare da tsohon Pen Duick IV, wanda ya sauya wa suna zuwa Manureva. Ba a ga shi ko jirgin ba har yau.

Tabarly ya ci gaba da bin wani tunani da ya daɗe yana damunsa, wato a sa wa jirgi fikafikai a ƙarƙashin ruwa da za su ɗaga jikinsa sama ya rage jan ruwa. Ƙarfen da ake da shi a lokacin ya yi nauyi, don haka jirgin Paul Ricard bai tashi sama yadda ya so ba, amma ya yi gudu. A 1979, a tseren mutum bibbiyu daga Lorient zuwa Bermuda da dawowa, shi da Marc Pajot sun sha kaye a hannun Eugène Riguidel da Gilles Gahinet da tazarar minti 5 da daƙiƙa 42, bayan kwana 34 a teku, a gaban idon jama'ar da suka fito tarbar su. A shekara ta gaba ya ƙetare Atilantika daga New York zuwa gaɓar Ingila da abokan tafiya uku cikin kwana 10 da awa 5 da minti 14, ya karya tarihin kwana 12 da Charlie Barr ya kafa tun 1905, wanda ya yi shekara 75 babu mai taɓa shi. Jiragen tsere na yau da ke shawagi a saman ruwa bisa fikafikai sun zo ne bayan kayan ƙira marasa nauyi sun samu.

Daga nan sa'a ta ja baya. Ya yi aure a 1984, ya auri Jacqueline, 'yar tsibirin Martinique, suka haifi 'ya ɗaya, Marie, ya kuma bar aikin soja a 1985. A Route du Rhum na 1986 jirginsa ya karye, ya nemi ceto, kuma tsohon jirginsa Pen Duick VI ne ya zo ya ɗauke shi. A 1989 wani jirgin ya kife da shi da Jean Le Cam a tsakiyar Atilantika. Matasan da suka koyi aiki a hannunsa, irin su Olivier de Kersauson da Philippe Poupon da Titouan Lamazou da Michel Desjoyeaux, su ne suka karɓe fagen. Dukansu sun shaida cewa ba ya koyarwa da baki. Yakan yi aikin ne a gabanka, idan ka kuskure ya sake yi, kuma da wuya a ji ya ɗaga murya. Duk da haka bai bar fagen da kaye ba, domin a 1997, yana da shekara 66, shi da Yves Parlier sun lashe rukunin jirage masu jiki ɗaya a tseren mutum bibbiyu na Jacques Vabre, daga Le Havre zuwa Cartagena ta ƙasar Kolombiya.

Akwai wani hali nasa da ba a rasa masu sukarsa a kai ba, kuma sukar tana da tushe. Ba ya ɗaura igiyar tsaro da ke haɗa matuƙi da jirgi, ba ya kuma son rigar da ke hana nutsewa. Hujjarsa ita ce igiyar na hana shi sakewa wajen aiki, kuma ya gwammace ɗan gajeren lokaci na wahala a cikin ruwa da ya yi rayuwarsa duka a ɗaure. Zaɓi ne da ya yi wa kansa da sani, bai tilasta wa kowa ba. Amma mutumin da dubban matasa ke kwaikwayo ba kansa kaɗai yake yi wa zaɓi ba, kuma makarantun tuƙi sun sha fama da masu kafa hujja da shi.

A ƙarshen Mayun 1998 aka yi bikin cikar Pen Duick na asali shekara 100 a Bénodet, kusa da gidansa da ke bakin kogin Odet. Bayan bikin ya kama hanyar Fairlie a Sukotilan, inda za a tara jiragen da William Fife ya zana, tare da mutum huɗu. A daren 12 wayewar 13 ga Yuni, a kusa da Milford Haven, iska ta ƙaru, ya yanke shawarar sauke babban ƙyalle a sa ƙarami na guguwa. Ana cikin aikin igiyar ruwa ta girgiza jirgin, sandar da ke saman ƙyallen ta buge shi a ƙirji, ya faɗa ruwa. Abokan tafiyarsa sun jefa masa abin ceto, sun harba wutar neman agaji, sun yi ta kewaye wurin cikin duhu, amma ba su sami isar da kira ta rediyo ba. Sai da gari ya waye wani jirgi da ke wucewa ya gan su ya sanar da masu ceto, a ruwan da sanyinsa ba ya barin mutum ya daɗe.

Shugaba Jacques Chirac ya halarci taron ban kwana da rundunar sojin ruwa ta shirya masa a Brest. Ranar 17 ga Yuli, bayan fiye da wata guda, wani jirgin masunta na Bretagne ya tsamo gawarsa a cikin komarsa, aka kai ta Ailan inda aka tabbatar da cewa shi ne.

A 2008 aka buɗe wata cibiyar tarihin tuƙin jirgin iska mai ɗauke da sunansa a Lorient. Daga cikin jirage shida masu sunan Pen Duick, biyar suna nan suna shiga teku, ban da na huɗu da ya tafi da Colas. Na shidan, wanda jigonsa ya karye sau biyu a 1973, 'yarsa Marie ta ja ragamarsa a tseren zagaya duniya na Ocean Globe da aka fara a 2023, kuma a watan Afrilun 2024 shi ne jirgin da ya fara isowa Ingila a zangon ƙarshe.